Kofur Tak Man-su Ya Dawo Gida da Cokalinsa

Cikin alhini mai haɗe da wata irin nutsuwa da muka daɗe ba mu ji ba, Ƙungiyar Maƙeran Tagulla ta Ƙauyen Dalnae, a ƙarƙashin jagorancin Uban Maƙera, Dattijo Eom Tae-bok, tare da majalisar dattawanta da gwanayenta da ma'aikatanta maza da mata, tana sanar da 'ya'yanta na gida da na birni da abokan sana'a na ƙasa baki ɗaya cewa ta karɓi tabbacin rasuwar ɗanta kuma ɗan'uwanta, Kofur Tak Man-su, mai guduma ta biyu a tsohuwar maƙerar bakin rafi, wanda ya rasa ransa a fagen daga a kan wani tsauni na yankin Gangwon lokacin kakar shekarar 1951, yana da shekara ashirin da biyu a duniya. Masu aikin neman ƙasusuwan sojoji ne suka tono shi a watan Afrilun bara, aka gwada da yawun ƙanwarsa, gwaji ya tabbatar da cewa shi ne. Ƙungiya tana miƙa ta'aziyyarta ga wannan ƙanwa, uwarmu kuma kakarmu, Uwargida Tak Ok-bun, mai shekara tamanin da shida, wadda ita kaɗai ta rage cikin waɗanda suka ci abinci a tebur ɗaya da shi, da 'yarta Uwargida Ha Sun-im, da jikoki da tattaɓa-kunne, da dukkan zuriyar gidan Tak na kusa da na nesa.

Tun ranar talatin ga Satumba labarin ya iso, kuma mun san 'ya'yan ƙungiya da dama sun yi ta buga waya ofis suna tambayar abin da ya sa muka yi gum har mako biyu, har wani mara kunya daga birni ya ce ko kakakin ƙungiya, wato ni mai wannan rubutu, shi ne ya tsufa ya manta aikinsa. Kakakin ya tsufa, wannan ba abin musu ba ne, amma bai manta ba. Ba a yi wa mutum gaisuwar wanda bai yarda ya mutu ba. Shekara saba'in da huɗu ke nan ana zuba wa Man-su shinkafa a gidansu safe da yamma a matsayin mai rai da ya yi tafiya, kuma da labari ya zo, Uwargida Ok-bun ta ce ba ta ji ba, ba ta gani ba, ba kuma za ta sa hannu a karɓi ƙashin kowa ba. Sau biyu ta kwanta asibiti a bana saboda ciwon zuciya. Tsoronmu shi ne kada ta tafi ba ta karɓe shi ba, domin Man-su bai yi aure ba, bai bar ɗa ba, kuma in ita ba ta buɗe masa teburin magabata da ake jera wa mamatan gida abinci a kai ba, babu mai hurumin buɗewa. Da sai ya tashi daga kwanciyar tsauni ya koma kwanciyar ma'ajiyar sojoji, ba mai kiran sunansa ranar da ake ciyar da matattu.

An haifi marigayin a nan Dalnae a shekarar 1929, ɗan fari ga marigayi Dattijo Tak Gi-ryong da marigayiya Uwargida Seol Geum-sun, wadda har ta bar duniya ba wanda ya kira ta da wani suna sai Innar Man-su. Yana ɗan shekara goma sha huɗu mahaifinsa ya rasu, ya shiga maƙerar bakin rafi ya fara da zuga, daga zuga ya koma goge kwanoni, daga nan ya karɓi guduma. Waɗanda suka yi aiki da shi, mahaifina yana cikinsu, sun ce ba su ga mai kunne irinsa ba: daga bakin ƙofa zai ji amon bugu ya ce kuza ta yi wa narkin nan yawa, a duba a tarar haka ne. Aibinsa ɗaya a idon mutanen wancan zamani, shi ne bahago ne. A da'irar masu guduma, inda mutum uku ke sauke bugu bi da bi a kan ƙarfen da Uban Maƙera ke juyawa da awartaki, gwiwar hannunsa kullum tana cikin haƙarƙarin na kusa da shi, har mahaifina yakan ce shi kam ya fi tagullar shan duka a hannun Man-su. A gida kuwa, in ya ɗauki cokali da hagu, Innarsa takan make bayan hannun, ta ce ba za a ce ɗanta bai samu tarbiyya ba. Saboda haka a gaban mutane da dama yake ci, yana fama yana zubarwa. Sai sun keɓe a bayan madafa shi da ƙanwarsa yake sauya hannu ya ci ya ƙoshi, ita tana yi masa gadi, ladanta ƙanzon gindin tukunya.

A nan ne ya zama dole ƙungiya ta faɗi laifinta na farko da bakinta, tunda ba wanda ya rage da zai faɗa mata. Kowa ya san ƙa'idarmu: wanda yake son a rubuta sunansa a allon gwanaye sai ya ƙera kwanonsa mai murfi da cokalinsa shi kaɗai, ya kawo gaban dattawa uku, su ƙwanƙwasa kwanon su saurari amonsa, sannan kowannensu ya ɗebi shinkafa da cokalin ya kai baki. A watan Afrilun 1950 Man-su ya kawo nasa. Kwanon ya yi amon da dattawan suka dubi juna ba su ce komai ba, wanda a wurinsu shi ne ƙarshen yabo. Amma da aka zo kan cokali, na farko ya ɗiba shinkafa ta zube masa a gemu, na biyu haka, na uku haka, domin bakin cokalin ya ɗan karkata gefe guda. Uban Maƙera na lokacin, marigayi Dattijo Pyo Sam-dol, kakana ne, mutumin da in ya ce a'a ko shi kansa ba ya iya janyewa. Ya ɗaga cokalin sama ya ce, "Kai Man-su, wannan cokali ne ko ƙugiyar kamun kifi? Mayar da shi wuta, ka dawo baɗi." Man-su ya sunkuya ya yi godiya bai kare kansa ba, domin yaro ba ya musu da dattawa, kuma ba zai tsaya gabansu ya tona wa uwarsa asiri cewa har yanzu da hagu yake ci ba. Dattawa uku, gemu uku cike da shinkafa, ba ɗaya da ya yi tunanin sauya hannu. Cokalin dai bai koma wuta ba, cikin rigarsa ya sa shi ya tafi gida.

Wata biyu bayan haka yaƙi ya ɓarke, kuma a watan Agusta sunansa ya fito cikin waɗanda aka kira. Innarsa ta ɗaure masa soyayyen garin hatsi a ƙyalle, ta raka shi har gadar rafi. Ok-bun, tana 'yar shekara goma sha biyu, ta bi su a baya tana kuka, sai ya juyo ya ja mata hanci ya ce, "Ke sarkin ƙanzo, share hawayen nan. Ga kwanona nan na bar miki, in na dawo na tarar ya yi kore sai na tsinke kunnen nan." Kwano ya tsaya a gida, cokali ya tafi yaƙi. Wasiƙa ɗaya tak ta iso daga gare shi, a farkon shekarar 1951, yana cewa abinci ya wadata kuma ba sanyi, ƙaryar da duk sojan wancan lokaci ya yi wa uwarsa. A ƙasan takardar ya ƙara da cewa a gaida Uban Maƙera, a gaya masa cokalin da ya ƙi har yau bai zubar da ƙwaya ɗaya ba. Ok-bun ce ta karanta wa Innarta wasiƙar, kuma ta tsallake wannan layi don tsoron abin da zai biyo baya, shi ya sa saƙon bai taɓa isa kunnen kakana ba.

Abin da muka sani na hidimarsa, daga takardun soja ne da kuma bakin abokin yaƙinsa, marigayi Dattijo Chu Pan-gil na ƙauyen ƙetare, wanda ya dawo da ƙafa ɗaya ya rayu a cikinmu har tsufa. Ya yi wata goma sha huɗu a bakin daga, tun daga gaɓar kogi a kudu har tsaunukan arewa, aka yi masa ƙarin girma sau biyu. Dattijo Chu ya ce a rundunarsu ba wanda ya san wani Man-su, Bahago kawai ake kira, kuma duk abin da ya karye wurinsa ake kaiwa: hannun gadon ɗaukar masu rauni, marfin tukunya, maɗaurin ɗamara. Da dutse biyu da kwanson harsashin igwa yakan buga musu tukunyar da mutum goma za su dafa abinci, har shugabannin ƙananan rundunoni suna faɗa a kan wanda zai tafi da shi. A ranarsa ta ƙarshe an ba su umarnin su sauka daga tsauni ana yi musu ruwan wuta. Da suka isa mafaka aka ƙirga, aka ga an baro mutum ɗaya a sama, wani sabon zuwa da aka harba a cinya, mutumin da kwanansa uku kacal a cikinsu, ko sunansa ba su gama riƙewa ba. Man-su ya ajiye wa Chu jakarsa, ya ce riƙe mini yanzu zan dawo, ya koma sama. Masu tono sun same shi a ƙasan ƙoƙuwar tsaunin da taku kamar arba'in, yana rub da ciki, kansa wajen gangare, ga ƙasusuwan wani mutum a kan bayansa. Ba mu ne za mu ce ga abin da ya faru a wurin ba, amma mu maƙera ne, mun saba gane bugu daga shaidar da ya bari.

Takardar da ta zo gida a ƙarshen 1951 cewa ta yi ya ɓace a fagen daga. Da Dattijo Chu ya dawo ya je gaida Innar Man-su da jakar a hannu, ta tsare shi da ido ta ce, "Ka ga faɗuwarsa?" Ya ce, "Ban gani ba, Inna." Ta ce, "To rufe mini baki, ka zauna ka ci abinci." Tun daga ranar da ya tafi ta cire sakatar ƙofar gidan don kada ya zo ya tsaya a waje, kuma duk sanda aka sauke tukunya, kwanonsa ake fara cikawa, a rufe, a tura ƙarƙashin bargo a kusurwar da zafin murhu ke ratsa daɓe. In an sauke sabuwa, sai ta ɗauki tsohuwar shinkafar ta ba duk matafiyin da ya biyo, mai tallan gishiri ne ko mai gyaran laima, ta ce yadda ta ciyar da ɗan wani, wata ma za ta ciyar da nata. A shekarun da gari ya koma cin sha'ir da ganye, kwanon nan bai taɓa ganin komai ba sai farar shinkafa. Ok-bun kuwa tana goge shi da bambaro da toka, tana tsare kunnenta.

Laifinmu na biyu a shekarar 1976 muka yi shi, kuma a wannan ina da hannu, domin ina cikin waɗanda suka ja igiyar ɗaga dutsen. Ƙungiya ta kafa dutsen tunawa a gindin babbar bishiyar bakin gari, aka sassaƙa sunayen 'ya'yan Dalnae bakwai da yaƙi ya ci, na bakwai Tak Man-su. Da kyakkyawar niyya aka yi, amma ba wanda ya taka ya je ya tambayi uwarsa. Sai ga ta ta taho daga gona da ƙasa a ƙafa, ta ratsa tsakanin manyan baƙi, ta zauna ta jingina da dutsen ta rufe sunan da bayanta. Ta ce, "Wa ya kawo muku gawarsa? Ku nuna mini shi in gan shi. Ɗana na can yana fama, ku kuna nan kuna binne shi da guduma." Kwana uku tana zuwa daga fitowar rana har faɗuwarta, ba ta zagi kowa ba, ba ta kuma amsa gaisuwar kowa ba. A rana ta uku mahaifina ya ɗauko ƙarfen sassaƙa ya kankare sunan da hannunsa yana hawaye. Ramin yana nan har yau a ƙasan suna na shida. An ce wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya ja da baya, shi ya sa a wannan karon muka kama bakinmu har sai mai magana ta yi magana.

Innar Man-su ta rasu a 1983, kuma maganarta ta ƙarshe, tana riƙe da wuyan hannun 'yarta, ita ce kada ya dawo ya tarar da kwanonsa da sanyi. Uwargida Ok-bun ta riƙe wannan magana shekara arba'in da ɗaya. Saboda ita ne tun farko ba ta bar gidan ba ko da ta yi aure, mijinta marigayi Dattijo Ha Jong-pil ne ya tare a wurinta, abokai suna tsokanarsa da amaryar gidan Tak, shi kuma yana cewa ai ya sani tun ranar baiko, mace da kwano aka ba shi. Da ma'aikata suka fara zuwa asibitin gari suna karɓar yawun dangin waɗanda suka ɓace, shekara uku tana ƙi, ta ce ita ba za a nema mata Yaya cikin matattu ba. Da 'yarta ta dame ta, wata rana ta buɗe baki a fusace ta ce wa ma'aikaciyar, "Ɗibi, 'yar nan. Ku je ku duba ƙasusuwanku ɗaya bayan ɗaya, in kun gama ku dawo ku ba ni haƙuri."

Ranar Talata, takwas ga Oktoba, da hantsi, wata Manjo ta zo da sojoji biyu da ƙaramin akwatin katako, ta roƙi Uban Maƙera da ni mu raka ta. Muka shiga ƙofar nan mara sakata. Manjon ta durƙusa ta miƙa takardar tabbaci da hannu biyu, Uwargida ba ta ko kalle ta ba, ta ce, "Takarda? Ai wadda ta ce ya ɓata ma takarda ce." Manjon ba ta yi gardama ba, sai ta fara karanta jerin abin da aka samu tare da shi: maɓallai huɗu, tafin takalmi ɗaya, da cokalin tagulla ɗaya da aka tsinta a wajen aljihun ƙirjinsa na dama, lanƙwasasshe, ana jin nauyin ƙasa ne ya lanƙwasa shi. Nan Uwargida ta ɗago kai ta ce, "Miƙo nan." Cokalin ya yi kore har ya koma baƙi-baƙi. Ta karɓa da dama, ta juya shi, ta yamutsa fuska, sannan a hankali ta mayar da shi hannun hagu. Ta ja jiki zuwa kusurwar ɗaki, ta ɗaga bargo, ta ɗauko kwanon yana ƙyalli, ta buɗe, tururi ya tashi. Ta ɗebi shinkafa da hagu ta ɗaga har daidai bakinta, ko ƙwaya ɗaya ba ta faɗi ba.

Ta ce, "Ba ƙasa ce ta lanƙwasa shi ba, 'yata. Haka Yaya ya ƙera shi." Sai ta juyo kaina ta ce, "Kai jikan Sam-dol, matso nan. Karɓi. Ba da wannan hannun ba, kai ma irinsu ne!" Na karɓa da hagu. Shekara hamsin ina riƙe cokulan tagulla, na yarda da wasu na mayar da wasu wuta, amma ban taɓa riƙe wanda ya zauna a hannu kamar wannan ba, kuma kunyar da ta kama ni a madadin gidanmu ba ta misaltuwa. Ta ce, "To ka hau tudun kaburbura ka gaya wa kakanka, tunda ni na ɓoye masa saƙon." Daga nan ta rungume kwanon da cokalin ta fashe da kuka tana kiran Yaya, Yaya, da muryar yarinya 'yar shekara goma sha biyu, muka yi kuka tare da ita, har Manjon da sojojinta. Da ta natsu ta share fuska, ta nemi alƙalami ta sa hannu, ta kuma hana baƙin tafiya sai da suka ci abinci.

Ranar Juma'a da ta biyo baya ta dace da tara ga watan tara na lissafin wata, ranar da ake ciyar da waɗanda ba a san ranar mutuwarsu ba, kuma da safiyarta aka shirya wa Man-su teburinsa na farko. Uwargida Sun-im ce ta jera, kuma saboda sabo da ruɗewa ta ajiye shinkafa da miya yadda ake ajiye wa mai rai. Uban Maƙera ya yi gyaran murya. Uwargida Ok-bun ta harare shi ta ce, "Na gani, ba sai ka yi mini tari ba." Da hannunta ta ɗauki kwanon da aka shekara saba'in da huɗu ana ɓoye shi a bargo, ta sauya masa wuri da miya, na dama ya koma hagu, na hagu ya koma dama, kamar yadda ake yi wa waɗanda suka riga mu. Ta tsaya ta dubi teburin, sai muka ji ta yi 'yar dariya ta ce, "Ashe can komai a juye yake. To Yaya, ka samu garinku." Ta cire murfi, ta kafa cokalin a tsakiyar shinkafa, ta ce, "Ci da hannun da kake so. Inna na kusa da kai, amma yau na san ba za ta make shi ba." Bayan mun yi sujadar gaisuwa sau biyu ne ta ce mana yanzu muna iya rubuta takardarmu.

Saboda haka majalisar dattawa ta zauna, ta sake gwada cokalin da hannun da aka ƙera shi dominsa, ta kuma yanke da murya ɗaya cewa Tak Man-su ya ci gwajinsa tun watan Afrilun 1950, kuma za a rubuta sunansa a allon gwanaye a layin shekararsa, ba a ƙarshe ba. Da izinin Uwargida, wanda a wannan karon mun je mun durƙusa mun nema, za a sake sassaƙa sunansa a cikin ramin da mahaifina ya bari a jikin dutse, ba tare da an cike shi ba, don na baya su tambayi dalili a gaya musu. Ƙungiya ta kuma ɗauki alkawari a gabanta da gaban 'yarta cewa bayan ranta, muddin akwai wuta a maƙera ɗaya a Dalnae, teburin Man-su ba zai rasa mai shirya shi ba. A walimar wannan rana kowace shekara, lomar farko da hagu kowa zai yi ta, dattawa su fara, in ta zube a gemu ta zube.

Mutumin da aka samu a bayansa har yanzu ba a san sunansa ba, kuma mun tabbata akwai gidan da aka daɗe ana jiransa. Ƙungiya tana roƙon duk wanda danginsa ya ɓace a wancan yaƙi, komai nisan dangantaka, ya daure ya je asibiti mafi kusa ya ba da yawunsa. Man-su ya ɗauko shi taku arba'in, sauran hanyar tamu ce.

Za a binne marigayin da girmamawar soja ranar Asabar, sha tara ga Oktoba, da ƙarfe goma na safe, a tudun bayan gari, a ƙasan kabarin iyayensa, kamar yadda iyali suka nema kuma hukuma ta amince. Dukkan maƙerun ƙungiya za su ajiye guduma tun daga ranar Alhamis. Uwargida ta ce a gaya wa masu zuwa kada kowa ya ci komai a hanya, akwai shinkafa da miyar nama mai yaji, kuma ba wanda zai fita ƙofarta da yunwa. Muna roƙon kowa ya yi masa addu'a ta hanyar da ya gada, masu zuwa coci da masu hawa haikalin kan dutse da masu durƙusa wa magabata. Mai Sama ya sanyaya makwancinsa, ya haɗa shi da uwar da ta jira shi, ya ba Uwargida Tak Ok-bun da zuriyarta ƙarfin zuciyar ɗaukar wannan rashi da ya yi shekara saba'in da uku a hanya kafin ya iso, ya kuma ƙara mata lafiya da kwana, ta ci shinkafarta da zafinta.

Aiki ɗaya kawai aka yarda a hura wa wuta a kwanakin makoki. Ranar Juma'ar da aka shirya teburin, muna sa takalmanmu za mu fita, Uwargida ta ƙwala mana kira daga bakin ɗaki ta ce, "Ku da kuke cika baki ku maƙera ne, ba mai iya ƙera mini sakata a cikinku? Sanyi na tafe, kuma kowa na gidan nan ya shigo." Uban Maƙera da kansa, da shekarunsa tamanin da ɗaya, ya ce ba mai taɓa wannan aiki sai shi. Za a sa ta ranar Asabar da yamma, bayan mun sauko daga tudu.

Sa hannu:
Pyo Jae-gon,
Kakaki kuma Gwani na Allo,
a madadin Uban Maƙera, Dattijo Eom Tae-bok, da Majalisar Dattawa,
Ƙungiyar Maƙeran Tagulla ta Ƙauyen Dalnae.
14 ga Oktoba, 2024.